Ɗan Boma da 'Yarsa ta Fari

Ni ban san lissafin shekarar Bature ba, don haka kada a tambaye ni lamba. Abin da na riƙe shi ne, 'yan Boma, sojojin da aka kai yaƙin ƙasar Boma, sun dawo shekara huɗu bayan yunwar da manya ke kira 'Yar Gusau, shekara ɗaya bayan rijiyar unguwarmu ta rufta da guga a ciki, kuma a kakar ne haƙorana biyu na gaba suka fita. An gama yankan gero, an kai dammuna rumbu, ana cikin cirar gyaɗa. Ranar Laraba ce da hantsi. Muna gonar dagaci mu 'yan mata muna roro, kowace da 'yar ƙwaryarta, muna tona ƙasa da tsinke muna tsintar abin da masu cira suka bari, sai muka ji guɗa daga cikin gari. Ba irin ta aure ba ce, ba irin ta haihuwa ba ce, ta fi su tsawo. Wata mata da ke tsinkar yakuwa a gefen gona ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta ce da ni, "Ke Hajara, ruga gida, ubanki ya dawo daga bangon duniya."

Garinmu ƙauye ne gabas da Daura, a kan hanyar Baure, kuma a lokacin duka gidajensa ba su kai a ɓata a ciki ba. Na iso ƙofar gida na tarar da mutane sun cika ta. Mutum biyu ne a tsakiya cikin kaki. Ɗaya dogo, baƙi, idonsa ya yi rawaya, ya ɗaura takalmansa da igiyarsu ya rataye a wuya, yana tafe da ƙafa tsirara, akwatin ƙarfe a kansa. Ɗayan gajere mai faɗin ƙirji, bakinsa ba ya rufuwa, yana ta gaisawa da mutanen da bai taɓa gani ba kamar tare suka yi kaciya. Ba wanda ya gaya mini wane ne nawa. Ina da shekara uku aka tafi da Baba, a shekarar yunwar, da aka aiko wa dagaci ya ba da majiya ƙarfi. Ban riƙe fuskarsa ba. Na dai yi fatan gajeren ne, don ya fi fara'a. Ashe dogon ne.

Kaka, mahaifiyarsa, wadda ke riƙona tun da aka yaye ni, tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Duk guɗar da ake yi ba ta ɗaga kai ba. Shi ne ɗanta na fari. Ya sauke akwatin, ya je ya tsuguna nesa da ita ya gaishe ta, ita kuma ta dubi katanga ta ce, "A ba baƙi ruwa." Zaren da take kaɗawa ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa, ta sake ƙullawa. Inna tana madafa, hayaƙi ya zame mata dalili. Sai aka turo ƙanena Sale, wanda aka haifa bayan tafiyar, yana tirjewa yana tsala ihu. Baba ya ɗaga shi sama, ya ɗora shi a kafaɗa, ya kira sunansa har sau uku, ya buɗe akwati ya ba shi biskit mai tauri kamar dutse. Ni ina tsaye da ƙwaryar gyaɗata a gindin turmi. Idonsa ya zo kaina, ya wuce, kamar yadda ido ke wuce randa. Gajeren nan ne ya tsaya ya dube ni sosai, ya zunguri Baba da gwiwar hannu ya ce, "Wannan ce?" Baba ya ɗauki buta ya nufi bayan gida. Gajeren sunansa Jatau, mutumin garin Babban Mutum ne, a gidanmu ya huta kafin washegari ya ƙarasa nasu garin.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A zamaninmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, kuma wanda ba shi da ita ba a ba shi wurin zama a cikin manya. Wannan na sani tun ban san hannun damana ba, ba kuma shi ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni daban ne. Ita kunyar tana da ƙofar baya, kowane uba kuma ya san inda tasa take. Ƙawata Gambo 'yar fari ce ita ma, ubanta bai taɓa kiran sunanta ba, amma ranar kasuwa zai dawo ya ɗora gaɓar rake a kan dangar bayan ɗakin kakarta, ya yi gaba yana tari. Kowa ya san ta wace ce. Wani uban zai sayi awarwaro ya ba ƙanwarsa ya ce ya tsinta a hanya. Ni na duba danga, na duba gindin rumbu, na duba bakin randa, kaka ta wuce, rani ya wuce, ban tsinci komai ba. In dole ta sa ya yi zancena, sai ya ce da wanda ke kusa, "A ce wa yarinyar nan ta kai wa akuya dusa."

Wata rana muna carafke a ƙofar gidan su Gambo, da duwatsun da muka zaɓo a bakin rafi muka goge su har suna sheƙi. Ba yabon kai ba, a carafke ba a haifi wadda za ta ja da ni a unguwar nan ba. Na cinye ta sau huɗu a jere. Ta watsar da duwatsun ta ce, "To sai me? Ke da ubanki ya manta da ke. An ce ruwan gishiri suka sha a jirgi, ya wanke masa ke." Na yaga mata ɗankwali, ta cije ni a hannu, aka raba mu da muciya. Da na kai ƙara wurin Kaka, sai ta tofa wa cizon miyau ta shafa, ta ce, "'Yar neman dalili. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Maganar ba ta ƙosar da ni ba. Cizon ya warke cikin mako guda, abin da Gambo ta faɗa kuwa ya samu wuri ya zauna. Tun daga ranar tambayata ɗaya ce: shin mutumin nan kunyata yake ji, ko kuwa da gaske ya bar ni a can?

Baban da aka dawo mana da shi mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Bargonsa sai ya ninke shi kusurwa huɗu kamar an yanka da wuƙa. Kunyar gona sai ya ja igiya ya daidaita ta, maƙwabta suna dariya suna cewa gero bai san fareti ba. Shi ya fara haƙa masai mai murfi a unguwarmu, ya kuma hana a sha ruwan kududdufi sai an tafasa, abin da ya sa Inna ƙorafin itace har ta gaji ta daina. Ba ya sa takalmi sai ya zazzage shi. Da damina, in ruwa ya ɗauki lokaci bai tsaya ba, sai ya zauna a zaure ya naɗe wando yana duba ƙafafunsa yana shafawa, wai matsattsaku, alhali mu nan ƙasar yashi ina muka ga matsattsaku. Wani lokaci zazzaɓin can ya taso masa, ya yi ta karkarwa har haƙoransa na haɗuwa, a lulluɓe shi da duk zannuwan gidan. Shinkafa kuwa bai ƙara sa ta a baki ba har ya koma ga Allah. Ya ce ya ci rabonsa da na jikokinsa.

Su biyar suka dawo a ƙauyukan da ke kewaye da mu, cikin bakwai da aka ɗiba. Bayan la'asar sukan haɗu a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, musamman in Baba Jatau ya zo a kan jakinsa, mutanen gari su kewaye su. A nan aka ji labarin jirgin ruwa mai girman unguwa, da tekun da aka yi kwana da kwanaki ba a ga gaɓarsa ba, da Indiya inda saniya ke kwance a tsakiyar kasuwa ba mai cewa ta tashi. A nan aka ji dajin gora wanda rana ba ta taɓa ƙasansa, da jirgin sama mai jefo abinci da laima, da Japan da ba a ganinsa sai dai a ji shi. Su Baba ba bindiga aka fara ba su ba, kaya suke ɗauka a ka, harsashi da abinci da magani, su hau dutse su gangara su ratsa kogi, inda ko alfadari ya ƙi. Ni aikina in kai musu fura. In na fito daga zaure da ƙwarya, muryar Baba nake fara ji, mai kauri, yana tsakiyar labari. Ina isowa sai ya tsaya cak, ko da kalma ta fito rabi. Ya dubi reshen tsamiya har in durƙusa in ajiye in juya. Sai na shige zaure sannan in ji ya ɗora, ƙasa-ƙasa. Shi ya sa duk labarin Boma da na sani daga bakinsa guntaye ne, kai babu gindi, gindi babu kai.

Yaran gari kuwa wasa ya samu. Kowane yaro ya yanko karan dawa ya saɓa, ya ɗaura ganyen kabewa a ka, ana fareti daga bakin rijiya zuwa masallaci. Mai koya musu shi ne Mamman Bigila, ɗaya daga cikin biyar ɗin, wanda ya dawo kansa ba daidai ba. Ba ya noma, ba ya faɗa da kowa, sai dai ya dunƙule hannu a baki ya busa kamar bigila, ƙahon nan na soja, asuba da magariba, ba ya kuskure lokaci, har ladan ya riƙa dogara da shi. Mu mata ba a sa mu a fareti. Ni sai in jera 'yan tsanana na kara a bayan rumbu in yi musu tsawa, wadda ta faɗi in ce Japan ya harbe ta, in binne ta a toka.

Na yi wa kaina alkawari ba zan tambayi kowa ba. Jinin gidanmu ba ya roƙo. Na ce zan yi ta aiki har sai ya rasa yadda zai yi. Ni ce surfe, ni ce ɗebo ruwa, tulu biyar kafin rana ta yi zafi. Ni ce kai abinci gona: in ajiye a gindin gawo, in rufe da faifai, in ɗora dutse saboda iska, in koma nesa in tsinki tafasa har ya gama, in zo in ɗauki kwano. Ni ce korar tsuntsaye in gero ya yi ido, da gwangwani da tsakuwa a ciki, tun safe har muryata ta dushe. Furar da nake damawa har daga wata unguwa ake aikowa a ɗanɗana. Yana sha ya ajiye ludayi. Bai taɓa cewa wa ya dama ba. Baba Jatau ne kaɗai in ya sha yake ɗaga murya ya ce, "Uwata, Allah ya yi miki albarka." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Sau da yawa nakan tsaya da ƙwarya a hannu in ji kalmomin nan biyu da ya faɗa ranar dawowa suna yi mini yawo a ka. Wanda ya ce "wannan ce," ai an taɓa yi masa zancen wata. Ko kuwa a hanya aka gaya masa akwai yarinya a gidan? Amsar tana bakin mutumin da ke zaune taku uku daga inda nake. Na juya na shiga gida.

Haka aka yi mini aure, ƙanen Baba ne waliyyi, shi ya faɗi sunana a gaban liman. Baba yana gona ranar, wai akwai shingen da ya faɗi. Haka na haifi 'ya'ya tara, shida suka rayu. Baba ya rasu a shekarar babban fari, wadda aka canja fam aka koma naira, shanu suna mutuwa a kan hanya. Aka aiko mini, na taho da goyo a baya, tafiyar yini guda. Na same shi a kwance ya zama ƙashi da fata, bargon nan a ninke a gefensa. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya juya fuska ga bango ya ce da Sale, "A ba yarinyar nan tabarma, ta sha hanya." Ina da 'ya'ya shida a lokacin. Kafin asuba ya cika. Na yi masa abin da 'ya ke yi wa uba, ban rage komai ba, tambayata kuma na koma da ita gida yadda na zo da ita.

Daga nan sai 'yan Boma suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da can in ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta zo, mota guda ake cikawa daga ƙasarmu zuwa Daura, kowa ya maƙala lambobinsa a kan babbar riga, su tsaya a rana su ƙame, su biya ta rijiyar Kusugu su sha ruwa, su dawo da yamma suna zagin gwiwoyinsu. Aka koma ƙaramar mota. Aka koma mutum uku a kujerar baya. Mamman Bigila ya tafi, gari ya yi kwanaki ana makara sallar asuba. Can sai ya zama Baba Jatau kaɗai ake goyawa a babur, jikansa ya ɗaure shi da rawani a bayansa kada ya faɗo. Daga baya wannan ma aka daina. Duk tsawon shekarun nan muna haɗuwa da shi, a suna, a biki, a gidan makoki. In durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Uwata, kina nan?" in ce ina nan, Baba. Shekara saba'in da 'yan kai, ban ƙara ko kalma a kan haka ba.

Shekara biyu bayan cutar nan ta korona, da damina, bayan babbar Sallah, wata jikarsa da ke aure a garinmu ta ce mini tsoho ya faɗi a bayan gida, ba ya fita, ido kuma ya tafi gaba ɗaya. Na kwana biyu ina juya maganar. Na ga cewa in ya tafi, babu wani mai rai a bayan ƙasa da ya san Baba a can. Sai na ƙulla daddawar da na yi da hannuna a leda, na sa aka kira mini ɗan acaba, ni da ban taɓa yarda na hau babur ba sai ranar. 'Ya'yana suka ce ina za ki, na ce dubiya, ko an hana?

Na same shi a kan katifa a ƙofar ɗaki, an jingina shi da bango. Faɗin ƙirjin nan duk ya tafi, amma bakin yana nan. Na yi sallama, ya karkata kai.

"Wa nake ji kamar Uwata?"

"Ni ce, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya gama aikinsa, sallama yake jira. Me kika kawo mini? Na ji wari."

"Daddawa ce."

"Daga garinku har Babban Mutum saboda daddawa. Mu nan ɗorawa ba ta 'ya'ya ke nan."

Muka yi zancen ruwa, muka yi zancen tsadar taki, muka lissafa waɗanda suka mutu. Matan gidan suka kawo mini ruwa suka koma. Da na ga inuwa ta fara juyawa, sai na gyara mayafi na ce, kamar da wasa, "Baba, a can inda kuka je, mutane kan yi zancen gida kuwa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai, jinin mutumin nan! Tun kina da giɓi kike kewaya tambayar nan kamar akuya a turke. Na ce bari in ga ranar da igiya za ta ƙare. Saura kaɗan ki same ni a kushewa."

"Ni ban tambayi komai ba, Baba."

"Na sani. Zauna da kyau, ba a Boma abin ya faru ba ma, a Zariya ne."

Ya ce da aka kai su bariki, kafin a ba su kaki, an jera su a gaban wani akawu mai babban littafi. Kowa a tambaye shi sunansa, da garinsa, da dagacinsa, da wanda za a gaya wa in ya mutu, da 'ya'yansa. Shi yana bayan Baba a layi, a mota suka haɗu, ko sunan juna ba su gama riƙewa ba. Akawu ya ce 'ya'ya nawa, Baba ya ce ɗaya. Namiji ko mace, ya ce mace. Sunanta. Baba ya yi shiru. Akawun ba mutumin ƙasar nan ba ne, ya ɗauka bai ji ba, ya maimaita da ƙarfi. Shiru. Bature ya taso yana tambayar me ya tsai da layi.

"Sajan da ke kanmu Bahaushe ne, ya san komai sarai," in ji Baba Jatau. "Da ya so, da kalma ɗaya ya kashe maganar. Sai ya ce soja ba shi da kunya, yau za a fara cire wa wannan tasa. Aka ɗora wa ubanki buhun yashi, aka ce ya ɗaga sama da kai, ya tsaya a tsakiyar fili, in ya tuna sunan ya sauke. Tun hantsi. Aka gama rubuta mu duka, yana nan. Inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, yana nan. Hannuwan suna rawa, gumi ya jiƙa ƙasa, wasu suna ce masa, kai malam, faɗi mana, ai ba a gaban surukanka kake ba. Ko kallonsu bai yi ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na ga mutumin ƙasar Daura zai faɗi a gaban Zazzagawa. Na ce, Saje, a ba ni izini in ciro sunan ba tare da ya buɗe baki ba. Ya ce in ka kasa, akwai wani buhun. Na je gabansa na tsaya na fara. Amina. A'i. Hauwa. Binta. Ina kira ina duban fuskarsa. Rakiya. Zulai. Habi. Shi kuwa ido a tsaye kamar gunki. Sai sauran suka ga abin ya zama wasa, kowa yana jefo sunan ƙanwarsa, ana dariya, har akawu ya ajiye alƙalami. Muka ƙare matan garinmu, muka ƙare na Kano, wani Babarbare ya kawo nasu. Babu. Sai ya rage mini suna ɗaya, na san shi tun farko, ina tsallake shi."

Ya shiga lalubar carbinsa a kan katifa. Na tura masa shi kusa da hannu.

"Na mahaifiyata. Ni ma bakina bai taɓa kama shi ba tun da aka haife ni. Na dubi hannun mutumin nan, na ga buhu ya fara saukowa. Na ce Allah ka yafe mini, na faɗa. Sau ɗaya, a hankali. Sai ubanki ya kawar da kai, ya dubi ƙasa. Na juya na ce wa akawu, rubuta."

"Ya sauke buhun?"

"Sai da Saje ya ce ya sauke. Kwana uku ba ya iya kai loma baki, ni nake ba shi. Bai gode mini ba, kin san shi. Cewa ya yi ni marar kunya ne."

Na ce, "To a Boma fa?"

"A Boma bai taɓa faɗa ba, ni ma ban ƙara ba. Amma na samu sandar korarsa. Akwai ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a kan dutse, kaya a ka, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ce mu tafi mu bar shi. Wanda aka bari a wurin nan an bar shi ke nan. Na sunkuya na ce masa a kunne, tashi, ko in kira sunan nan da ƙarfi kowa ya ji. Ya zage ni, zagin da ba zan maimaita miki ba. Ya tashi ya ɗauki kayansa. Sau uku ina yi masa haka a wurare daban-daban, sau ukun yana tashi."

Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini tuntuni. Ya ce, ubanki yana raye da ya kashe ni, bayan ya mutu kuma ke ba ki tambaya ba, ni kuwa ba a san ni da kai kaya inda ba a aike ni ba. Sannan ya ce a ɗauke daddawar nan daga kusa da shi a kai madafa, kuma in gaya wa matan gidan su sa ta a miyar yau, kada su ɓoye.

Na yi masa sallama, ya ce, "Uwata, a yafi juna." Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri. Da na dawo gida, ranar Juma'a na sa aka jiƙa gero, na daka da kaina duk da kafaɗata, na yi fura ƙwarya uku aka kai ƙofar masallaci. Jikokina suka ce sadakar wa ake yi, na ce ta wani mutum ce.

Baba Jatau ya rasu bayan an yanke gero a shekarar. Aka yi masa sutura kamar kowane tsoho, aka kai shi kafin azahar. Ba a busa komai ba, ba wanda ya ƙame. Samarin da suka ɗauki makara, na ji wani a cikinsu yana tambaya wai yaƙin Biyafara ya je ko wanne. Ban ga laifinsa ba, ba a gaya masa ba ne. A zaman makoki wani malamin makaranta ya ce ya ji a rediyo ko a ƙasashen Turawa irinsu sun kusa ƙarewa, ana ta nemansu ana ɗaukar maganarsu. Mu namu ba wanda ya zo ya ɗauka. Abin da suka faɗa a gindin tsamiya iska ta ɗauka, tsamiyar ma an sare ta da aka faɗaɗa hanya.

Yanzu mijin jikata yana ɗaukar 'yarsa ta fari a kafaɗa ya zaga gari da ita, yana kiran sunanta har da waƙa, hotonta ne a fuskar wayarsa. Ban ce ya yi laifi ba. Yarinyar ba za ta kai shekara tamanin tana duba kan danga ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai nakan dube shi in ce a raina, ko wannan zai iya riƙe buhu tun hantsi har azahar saboda wani abu? Wataƙila zai iya, Allah bai jarraba shi ba ne.

Cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar gidanmu ranar Larabar nan, na ƙirga mu, ba mu cika hannu ɗaya ba. Akwai ni. Akwai Sale, yana Daura wurin ɗansa, shi kuwa ko biskit ɗin bai tuna ba. Akwai Gambo, tana Mashi, ƙafa ta ƙi, amma an ce baki lafiya lau. Akwai wata ƙanwar Mamman Bigila a hanyar Baure, ba ta gane mutane sai an faɗa mata. Shi ke nan. Mu ma ba yaƙin muka gani ba, waɗanda suka gan shi muka gani. Bayanmu kuwa, sai dai a ce an ce.